Maigida ya hana ni sadakar ƙofar gida, ga maƙwabta cikin yunwa

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a wata unguwa cikin birnin Kano, malamar firamare, 'ya'yana biyar. Mu takwas ne a gidan har da Hajiya, mahaifiyar maigida, wadda ta haura shekara 70 kuma tana fama da hawan jini. Shi ma maigidan yana da ciwon suga. Da azumi ya kama cikin wannan kulle na korona na shekarar 2020, sai na fara dafa shinkafa da wake da kunu ina fitarwa ƙofar gida kafin magariba. Ranar farko yara goma sha biyu suka zo. Kafin mako ya zagayo sun haura sittin, har da manya, ana turereniya, har aka ture wata yarinya ta faɗa kan bokitin kunu, Allah dai Ya sa ya huce. Maigida ya ce kada in ƙara, wai zan jawo musu cuta gida. To amma Anti, bayan katangarmu akwai wata baiwar Allah da mijinta ya rasu bara ya bar mata marayu shida. Ƙosai take soyawa a bakin titi, yanzu babu hali. Da dare ina jin kukan yaranta. A layinmu kuma akwai wani ɗan adaidaita sahu da ya kwana huɗu yana zazzaɓi da tari, kowa ya ƙaurace wa gidan, ko ɗan garuwa ba ya shiga. Muna da buhun masara biyu da rabin buhun wake da maigida ya saya tun kaka, yayyena kuma sun turo min dubu tamanin in yi sadaka. Zuciyata tana ce min in ci gaba a ɓoye. Wasu a layin har sun fara cewa mun yi rowa. Yaya zan yi?

Wata baiwar Allah, daga Kano

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Allah Ya saka miki da alheri, Ya karɓi abin da kika riga kika fitar. Wanda ya ji kukan marayu ta bayan katanga ya kasa runtsawa, zuciyarsa a raye take, don haka kada ki tuhumi kanki. Sai dai zan faɗa miki gaskiya tun daga farko: a kan taron ƙofar gida, maigidanki ya yi daidai. A kan cewa ba za a zuba ido maƙwabta su kwana da yunwa ba, ke kika yi daidai. Hanya ce kawai za ki sauya, abincin ya riƙa bin mutane har gidajensu, su daina biyo shi.

Ki dubi abin ta idon maigida tukuna. Ranar 11 ga Afrilun 2020 aka samu mutum na farko da ke ɗauke da cutar korona a Kano, gwamnatin jiha ta rufe gari ranar 16, sannan ranar 27 Shugaba Buhari ya sanar da kullen mako biyu a kan jihar. Tsakanin waɗannan ranaku duk mun ji yadda dattawa suka riƙa rasuwa ɗaya bayan ɗaya, har masu haƙa kabari suka yi magana. Ita wannan cuta, kusan mutum takwas cikin goma da suka kamu suna warkewa ba tare da ta kwantar da su sosai ba. Inda take yin ɓarna shi ne jikin tsofaffi da masu ciwon suga, hawan jini, ciwon zuciya ko na huhu. Biyu daga cikin irin waɗannan suna kwana a gidanku. Abin da ya fi wahala kuma, mutum yana iya yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin ya ji komai a jikinsa, wani ma har ya rabu da ita bai san ya yi ba. Yaro zai zo karɓar kunu yana tsalle lafiya lau, ya yi atishawa kusa da 'yarki mai zuba masa, ita kuma ta shiga ɗakin Hajiya ta miƙa mata dabino. Mutumin da yake hango wannan, tsoron rasa mahaifiyarsa yake yi. Manzon Allah (SAW) da kansa ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana fita daga cikinsa, Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annoba. Kare gida a irin wannan lokaci yana cikin addini.

Shi ya sa ba na goyon bayan ki yi a ɓoye. Abin da ake yi a ƙofar gida ba ya ɓoyuwa, kuma ranar da ya gane, an rufe ƙofar taimakon ke nan gaba ɗaya, ga ɓacin rai a cikin azumi. Sannan masarar da waken nasa ne, da izininsa za a taɓa su. Dubu tamanin ɗin kuwa amana ce da yayyenki suka ɗora miki, kina da ikon sarrafa ta, amma ita ma ta fi albarka idan da saninsa. Ki bari sai ya sha ruwa ya huta, ki same shi ku biyu. Ki fara da ba shi gaskiyarsa, ki ce kin ga haɗarin taron kuma kin daina. Daga nan ki nuna masa a rubuce abin da kike son yi: gidaje kaza, kwano kaza, wane ne zai kai, kuma babu wanda zai tako zaurenku. Sau da yawa namijin da ya ce a'a ga hayaniya yakan ce to ga lissafi. Ki sa Hajiya a cikin shawarar ma. Tsohuwar da ta daɗe a unguwa ta san gidan da ake ɗora tukunyar ruwa a murhu don yara su ɗauka girki ake yi, ta san wanda zai mutu da yunwa bai roƙa ba. Idan ta sa baki, maganar ta ƙare.

Mu zo kan lissafin, domin a nan ne masu kyakkyawar niyya suke faɗuwa. Masu aikin agaji suna ƙiyasta wa mutum ɗaya a rana kusan giram 400 na hatsi, giram 60 na wake, man girki kamar cokali biyu, da ɗan gishiri. Kwanon awo namu na Kano yana ɗaukar kusan kilo biyu da rabi na masara, babban buhu kuma kwano arba'in ne ko kusa da haka. Ke nan gida mai mutum bakwai ko takwas yana cin kwano guda ko ɗan fiye a rana, kuma ki tuna surfe yana rage auki. Saboda haka buhu ɗaya naku ne, ki ɗaure bakinsa ki manta da shi, shi ne abincinku na wata guda. Babu wanda ya san ranar da za a buɗe gari gaba ɗaya, kuma idan kika rabar da komai, gobe ke ma kin shiga layin masu jira. Ɗaya buhun shi ne na bayarwa. Idan kika ba kowane gida rabin abin da yake buƙata, wato kwano huɗu a mako, buhun zai riƙe gida biyar na mako biyu, ko gida uku na mako uku da 'yan kwanaki. Iyakarsa ke nan. Kin ga tun asali ba ki da ƙarfin ciyar da mutum sittin kullum. Ko maigida bai hana ba, da tukunyar ta ƙafe da kanta kafin azumi ya raba, kuma da marayun bayan katanga ba su samu komai ba, don a turereniya mai ƙarfi ne yake samu.

To ki zaɓi gidajen, ki fara da na kusa da mafi rauni: marayun nan, gidan mara lafiyan, sai tsoho ko tsohuwar da ba su da mai nema musu, mai ciki ko mai shayarwa da mijinta ɗan ga-ruwa ne ko lebura da aikinsa ya tsaya. Ƙunshin mako guda na gida mai mutum bakwai zai iya zama haka: garin masara kwano huɗu, wake kwano ɗaya, manja ko man gyaɗa kwalba ɗaya, gishiri, daddawa, kuka ko busasshiyar kuɓewa, barkono, sabulu sanda biyu, da gawayi ko itace. Ki lura na ce gari. Idan kika ba mutum tsabar masara alhali injin niƙa a rufe yake ko babu kuɗin niƙa, kin ba shi aiki ne kawai. Haka wake ba tare da makamashi ba, wake yana cin wuta, sai ki ga an sayar da shi da araha don a sayi itace. Ki haɗa da 'yar kanwa, tana rage lokacin dahuwa. Kuɗin yayyenki su tafi kan waɗannan abubuwa da ba ki da su a rumbu, da niƙa, da ruwa, ki kuma ware kamar kashi ɗaya cikin biyar ki ajiye don magani ko kai wani asibiti cikin dare.

Ɗanyen abinci ya fi dafaffe a wannan yanayi. Zafin Kano a watannin Afrilu da Mayu yana kai maki 40, shinkafa da wake idan suka wuce awa biyu a leda sun fara lalacewa, sai a wayi gari da gudawa a gidan da ba shi da kuɗin magani. Ɗanye kuma sau ɗaya ake kai shi a mako, dafaffe kullum sai an haɗu. Dafaffe sai dai ga wanda ba zai iya girki ba, kamar tsoho mai zaman kaɗaici ko gidan da uwar ke kwance, shi ma a kai da zafinsa a cikin kwano mai murfi.

Game da mai ƙosan, ina so ki yi tunani fiye da ƙunshin abinci. Mace ce mai sana'a, ta saba ci da guminta, kuma karɓar sadaka kullum yana da nauyi a zuciya. Ki kira ta a waya ko ku yi magana ta katanga, ki ce kina son ta riƙa soya miki ƙosan buɗa-baki na gidajen da za a taimaka. Ki ba ta wake da mai da itace, ki biya ta ladan aikinta kamar yadda za ki biya kowa. Ta soya a cikin gidanta, ta wanke hannu da sabulu, ta rufe hanci da baki, ta ƙulla, yaro ɗaya ya zo ya ɗauka. Ta samu kuɗin cefane, yaranta sun ci, mutuncinta yana nan. Idan akwai tela a layin da ɗinkin Sallah ya tsaya masa, shi ma ki ba shi aikin takunkumin yadi, a yi shi ninki biyu ko uku da atamfa mai ƙarfi wadda haske ba ya ratsa ta sosai, kowane mutum guda biyu don a wanke ɗaya a sa ɗaya. Ban da yaran da ba su kai shekara biyu ba, su ba a sa musu. Ki kuma tambaye ta ƙaramin cikin marayun. Idan ƙafafunsa sun kumbura, ko ya rame har damtsensa ya zama kamar kara, ko ya daina karɓar abinci, wannan tamowa ce mai tsanani, tuwo ba zai warkar da ita ba, sai an kai shi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa. Idan bai kai haka ba, kunun gyaɗa mai kauri da ɗan mai da sukari sau uku ko huɗu a rana yana tayar da yaro.

Sai yadda kayan za su isa. Kada ke ko 'ya'yanki ku zama masu kaiwa, tunda kuna kwana da Hajiya. Ku samu matasa biyu ko uku na layin, masu lafiya, waɗanda aka sani da amana, kuma babu tsoho ko mai ciwo a ɗakin da suke kwana. Maigida ya sanar da mai unguwa ta waya, don idan jami'an tsaro suka tare yaran a samu mai tsaya musu. A yi sayayya ranakun da aka sassauta kullen, mutum ɗaya ya je da jerin kaya a rubuce, ya je da wuri kafin cunkoso. Mafi sauƙi ma, ku yi magana da mai shago ko mai awon unguwa, ku tura masa kuɗi ta waya, shi ya auna ya ƙulla. Mai kaiwa ya sa takunkumi, ya ajiye kayan a bakin ƙofa, ya yi sallama, ya ja baya kamar taku uku, wato mita biyu, a fito a ɗauka. Ba musabaha, ba shiga zaure, ba zama shan ruwa. Ya wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 kafin ya fara da bayan ya gama. A kai da sassafe ko bayan isha'i, gida ɗaya-ɗaya, a kuma riƙa sauya lokacin. Da zarar aka san cewa ranar kaza ƙarfe kaza ake rabo, taron da kika gudu zai dawo.

Akwai kurakuran da ake yawan yi a irin wannan rabo, gara ki san su. A gidan haya mai ɗakuna da yawa, ko gidan da ke da mata biyu ko uku, idan aka miƙa ƙunshi ɗaya a ƙofa to an kunna rigima. A raba tun daga gida, kowace mai girki da nata, a kuma damƙa a hannun matar da ke ɗora tukunya. Sunayen gidajen su tsaya tsakaninki da maigida da Hajiya da mai kaiwa. Kada a ɗauki hoton kowa, ko da yayyenki sun nemi shaida. Ki tura musu lissafi: an sayi kaza, an kai gida kaza, saura kaza. Ki kuma riƙa kiran gidajen da kanki kina tambaya ko saƙo ya iso kuma me da me ke ciki. Ba zargin yaran kike yi ba, amma su ma daga gidajen da ke cikin matsi suka fito, don haka ki ware musu nasu kason a fili tun farko.

Yanzu gidan ɗan adaidaitan, wanda shi ne ya fi gaggawa. Abin da ake yi musu ba daidai ba ne, kuma ba dabara ba ce. Gidan da aka hana ruwa dole wani ya fito nema, gidan da aka tsangwama kuma gobe zai ɓoye mara lafiyarsa, abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe. Cutar ba ta tsallake katanga, kusantar juna da numfashi da hannu ne ke ɗaukar ta. Ana iya taimakonsu sarai ba tare da an shiga ba. Fara da ruwa: mutum ɗaya yana buƙatar aƙalla lita 15 a rana don sha da girki da tsafta. Ki biya ɗan garuwa, su fito da robobinsu ko duro bakin ƙofa su koma ciki, shi ya juye ya tafi ba tare da ya taɓa kayansu ba. Jarka huɗu masu lita 25 za su riƙe gida mai mutum shida ko bakwai yini guda.

Sannan ki kira matarsa. Zazzaɓi da tari ba lallai korona ba ne, zazzaɓin cizon sauro da ciwon huhu da tarin fuka duk suna nan ba su tafi hutu ba, shi ya sa ake buƙatar ma'aikacin lafiya ya duba shi. A kira lambobin hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, ko na kwamitin jiha da ake sanarwa a rediyo. Idan layin bai shiga ba a yi ta gwadawa, mai unguwa kuma ya nemi jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, kowace ƙaramar hukuma tana da shi. Kafin su zo, ya zauna ɗaki shi kaɗai, taga a buɗe. Idan ɗaki ɗaya ne gare su, yaran su koma rumfa ko tsakar gida tunda zafi ake yi, cikin gidan sauro. Mutum ɗaya ne zai riƙa kula da shi, da takunkumi a fuskar su biyun. Kofinsa, kwanonsa, butarsa da sallayarsa daban. Ya sha ruwa sosai, Allah Ya yi wa mara lafiya rangwamen azumi, ya rama daga baya. Don zazzaɓi, farasitamol ƙwaya biyu masu miligiram 500 duk bayan awa shida, kada ya wuce ƙwaya takwas a yini. Kada su saya masa kulorokwin da sunan maganin korona. A watan Maris na 2020 an kwantar da mutane a Legas saboda sun sha shi ya zame musu guba. Ki koya mata alamun da ba a jira da su: numfashi yana yi masa wuya har ba ya iya ƙarasa magana, ciwon ƙirji, ruɗewa ko yawan barcin da ba a iya tashinsa, leɓe ya sauya launi. Ta kalli ƙirjinsa ta ƙirga numfashinsa na minti ɗaya da agogon waya. Babba mai lafiya yana yin 12 zuwa 20. Idan ya kai 30, asibiti za a nufa a lokacin, ko da tsakar dare ne. Sauran mutanen gidan su zauna ciki kwana 14 kamar yadda hukumomin lafiya suka tsara a 2020, kuma ba za su iya ba sai idan abinci da ruwa suna zuwa musu. Wannan shi ne aikinku, ku maƙwabta.

Ki sa musu sabulu da ruwan bilic a cikin ƙunshinsu, tare da bayanin yadda ake haɗawa, don mutane suna kuskure a nan. Irin su Jik da ake sayarwa a shago yawanci ƙarfinsu kashi 3.5 cikin ɗari ne, a duba jikin kwalbar. Cokali biyu na cin abinci a cikin lita ɗaya ta ruwa ya isa goge mariƙin ƙofa, buta, bakin masai da dandamalin wanka. A fara wanke wurin da sabulu, a shafa, a bar shi ya ɗan jima kafin a goge. A haɗa sabo kullum, don na jiya ya rasa ƙarfi, musamman idan rana ta buge shi. Ba a sha, ba a wanka da shi, ba a fesa wa mutum, ba a zuba shi a kan abinci, kuma ba a gauraya shi da wani maganin wanke banɗaki, hayaƙin da ke tashi yana ƙona huhu. A ajiye shi inda yara ba za su kai ba, kada kuma a zuba shi a gorar lemo.

A naku gidan, Hajiya da maigida su ne abin tsaro. A tabbatar kowannensu yana da maganin wata guda a hannu, don yankewar maganin suga ko na hawan jini a wannan lokaci haɗari ne da kansa. Idan allurar insulin yake yi kuma wuta ba ta samuwa, a sa ta a leda mai kyau a ajiye a jikin randa mai sanyi, nesa da rana. Ya kira likitansa ya ji ko azumi ya dace da shi bana. Masu zuwa gaida Hajiya su yi haƙuri su kira waya. An ce zumunci a ƙafa yake, to bana ƙafar ta huta. Ki ajiye bokiti mai famfo da sabulu a zaure, irin wanda wata ma'aikaciyar lafiya 'yar Ghana, Veronica Bekoe, ta ƙirƙira, da roba a ƙasa mai tarar ruwan. Duk wanda ya fita ya dawo ya wanke hannu a nan kafin ya shiga.

Su kuma yara sittin ɗin, ban manta da su ba, na san su ne suke tsaya miki a rai. Da yawansu almajirai ne da gidajen da suke yi wa aiki suka rufe musu ƙofa. A watan Afrilun 2020 gwamnonin Arewa suka fara mayar da almajirai jihohinsu, amma akwai waɗanda suka rage. Hanyar taimakonsu ita ce ta malaminsu: a kai gari da wake da itace da sabulu tsangayar, a dafa a can, yaran su daina yawo. Wannan ya fi ƙarfin aljihunki ke kaɗai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maigida ya kira liman da mai unguwa da mutum huɗu ko biyar masu hali a layin, kowa ya faɗi abin da zai iya, wani kwano biyar, wani galan na mai, wani ya ɗauki nauyin ruwan gida ɗaya. Annabi (SAW) ya yabi Ash'ariyyawa saboda idan abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai, har ya ce su nasa ne shi ma nasu ne. A samu mutum biyu masu riƙe littafi, ɗaya yana rubuta abin da ya shigo, ɗaya abin da ya fita. Zakkar fidda kai ma tana tafe, mudun Nabi huɗu a kan kowane mutum. Idan liman ya tsara tun yanzu gidan da kowa zai kai wa tasa, ba za a ga gida ɗaya ya tara kwano ashirin wani bai samu ko ɗaya ba.

Masu cewa kun yi rowa, kada ki bi su da bayani. Wasunsu yunwa ce take magana da bakinsu, ki duba ko sun cancanci shiga cikin gidajen da za a kai wa. Ga yaran da za su ci gaba da zuwa ƙofa kwana biyu ko uku, a samu babba ɗaya ya tsaya daga nesa ya gaya musu da taushin murya cewa an daina rabo a nan saboda cuta, ya tambayi kowane yaro gidansu ko makarantarsu a rubuta. Kada a kore su da tsawa ko bulala.

Idan kuma duk da haka maigida ya ce masararsa ba za a taɓa ba, kada ki ja da shi. Ki nemi izininsa a kan kuɗin yayyenki kawai, ki tura wa mai shago, kaya su tashi daga shago zuwa gidajen ba tare da sun bi ta gidanku ba. Da wuya ya ƙi wannan, tunda babu abin da zai shigo masa gida. Amma ruwan gidan mara lafiyan da abincin marayun kada su jira a gama duk wannan tsari. Yau kafin magariba ki gaya wa maigida, ki ƙara ruwa a miyarki kamar yadda Annabi (SAW) ya umarci Abu Zarri, ki zuba tuwo a kwano mai murfi a miƙa ta katanga, ki ce ta riƙe kwanon sai an kwana biyu. Sannan ki nemo lambar ɗan garuwan. Allah Ya ba mara lafiyan sauƙi, Ya tsare mana Hajiya, ki kuma rubuto min yadda kuka yi da maigida.